Yadda ake hutun kwana uku a gidan manoma ko masunta a ƙauyukan Legas

Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba yana iya kai shekara goma bai taɓa ganin yadda ake tuge rogo ba, alhali kusan kullum yana shan gari. Gida Arewa da nisa, daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, kuma yawancinmu sai Sallah ake zuwa. Amma a cikin jihar Legas kanta akwai ƙauyukan da ake noma da su da bandar kifi, a yankin Epe ta gabas da yankin Badagry ta yamma, duka ba su kai kilomita ɗari daga tsakiyar gari ba. Ana iya sauka a gidan wani iyali a can, a ci abin da suke ci, a taya su aiki, a biya su haƙƙinsu, a dawo.

Abin da ke ɓata irin wannan tafiya guda ne: baƙo nauyi ne. Mutum biyar da suka sauka a gida za su sha ruwan da wata mace ta ɗebo da kanta, za a ƙona musu itacen da aka tanada don mako guda, za su cika masai, za su bar leda. Kafin a ɗaure kaya, sai a zauna a lissafa wannan nauyin, a kuma shirya yadda za a ɗauke shi da kai.

Wuri da lokaci

Wanda ke Agege, Ketu ko Mile 12, Epe ta fi masa sauƙi, ta hanyar Ikorodu zuwa Itoikin. Mutanen Obalende da Ajah su bi titin Lekki. Epe garin Yarbawan Ijebu ne da ke bakin ruwan lagun, wato babban tafkin da ke haɗe da teku, Musulmi suna da yawa, masallaci ba ya wuya, kuma kasuwar kifinta ta Oluwo sananniya ce. A watan Muharram suke bikin Kayokayo, na tunawa da saukar Sarki Kosoko na Legas a garin a 1851, lokacin nan gidaje cike suke da 'yan'uwa, ba lokacin neman ɗaki ba ne. Wanda ke Alaba Rago ko Okokomaiko kuwa, Badagry ce a bakin hanyarsa, ƙasar mutanen Egun, ƙasar kwakwa da su. Hanyar ta nufi iyakar Seme, shingayen jami'ai suna da yawa, don haka kowane babba ya riƙe katin shaidarsa a aljihu.

A guji Yuni da Yuli, lokacin marka ne, hanyoyin ƙauye suna zama taɓo kuma sauro ya fi yawa. Ruwa yakan ɗan tsagaita a Agusta, ya dace da dogon hutun makaranta. Disamba zuwa Fabrairu ya fi kowane lokaci bushewa. Karon farko kada ya wuce kwana uku, mutum kada ya wuce biyar ko shida. Fiye da haka gidan ƙauye ba zai ɗauka ba sai an takura masu shi.

Neman mai masauki

Da ɗan gari a kan ci gari. Ba a shiga ƙauyen da ba a san kowa ba a ce ana neman wurin kwana. Fara da mutanen da ka riga ka sani a harkar kasuwa: Alhajar da ke sarar albasa a wurinka shekara da shekaru tana kaiwa Epe, mai kawo bandar kifi, direban da ke bin hanyar. Idan babu, nemi Sarkin Hausawan garin da ya fi kusa ko limamin masallacin Juma'a, su haɗa ka da gidan da suka yarda da shi. Wannan mai tsakanin shi ne garkuwarka, shi ne kuma na masu gida, domin in wani abu ya taso akwai wanda kowa zai je wurinsa.

Bayan an samu gida, maigida ya je shi kaɗai da rana, mako biyu ko uku kafin tafiyar. Zuwa da kai ya fi aike. Kada a tsaya a gaisuwar ƙofar gida, a nemi a shiga a duba. Ɗaki nawa za a bayar, akwai ƙofa mai sakata, akwai inda za a ɗaura gidan sauro? Ina makewayi, a rufe yake yadda mace za ta shiga hankalinta kwance? Wasu gidajen bakin ruwa masai ɗinsu a kan ruwan yake, in haka ne a nemi wani gida, musamman idan da ƙananan yara. Ina suke samun ruwa, rijiya ce ko burtsatse ko ƙorama, tafiyar minti nawa ce? Ɗanɗana ruwan rijiyar. Na kusa da lagun da teku yakan yi gishiri-gishiri ko ya yi ja, sabulu ba ya kumfa da shi sosai. Duba wayarka ko akwai sabis, ka tambayi inda asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yake da yadda ake kai mara lafiya da dare.

Akwai tambayar da ba a tsallakewa: a cikin kwanakin nan za a fito da Oro, wato dodon addinin gargajiya na Yarbawa? A garuruwan Yarbawa, idan an yi shelar Oro, mata da baƙi ba sa fita waje sam har a gama, kuma abin ba wasa ba ne a wurinsu. A yankin Badagry akwai Zangbeto, masu gadin dare na gargajiya. Ba a tafi don a yi musu da al'adar kowa ba, kuma ba dole a sa kai a ciki ba. Abin da ya dace shi ne a san ranakun, a sa tafiyar a wasu ranaku daban.

Maganar kuɗi

Nan ne kunya take cutar da mutane. Bahaushe zai ce ai in za mu tafi ma yi musu alheri, mai gida kuma ya yi kara ya ce ba komai. Ranar tafiya sai a miƙa abin da bai kai kuɗin kifin da aka ci ba, a rabu ana murmushi, amma ƙofar ta rufu ga duk wanda zai zo a baya. A yanke magana tun ranar zuwan farko, a gaban mai tsakani, a raba ta uku: kuɗin ɗaki na kowane dare, kuɗin cefane da ladan girki na kowace rana, sai ladan wanda zai bar aikinsa ya raka ku gona ko ya tuƙa kwale-kwale. Ma'aunin na ukun mai sauƙi ne, abin da mutumin zai samu a wunin da ya bari saboda ku, da kuɗin mai idan jirgin mai inji ne.

Kuɗin girki da ɗiban ruwa a sa shi a hannun matar da za ta yi aikin, uwargidanka ta ba ta da kanta. Idan aka dunƙule komai aka ba mai masauki, sau da yawa wadda ta wuni a gaban murhu ba ta ganin ko sisi. A ba da rabi kafin a zo don su yi tanadi, rabi ranar tafiya. A tafi da tsabar kuɗi ƙanana, domin mai POS ba lalle a same shi kusa ba.

Tsaraba daban take da biya. Abin da ya fi faranta musu shi ne kayan Arewa da suke saye da tsada: albasa, wake, busasshen tattasai, man gyaɗa, dabino, kilishi. Abin da ƙauyen ke da shi kuwa, gari, manja, kifi, kwakwa, ganye, kada a ɗauko daga gari, a saya a wurinsu kuɗin ya zauna a can. Idan za a kai shinkafa, dirika ɗaya, wato gwangwanin awo na kasuwannin Legas, takan ishi mutum huɗu zuwa biyar a ci ɗaya, kuma a lissafa da mutanen gidan, don ba za ku ci yaransu suna kallo ba.

Lissafin ruwa da wuta

Mutum ɗaya, in an yi tattali, yana buƙatar kamar lita 20 a rana don sha da alwala da wanka da wanke-wanke. Mutum biyar lita 100 ke nan, jarka huɗu masu cin lita 25, kowace rana. Idan rijiyar tafiyar minti goma ce, ka ga aikin da ka ƙara wa gidan. Samarin da kuka zo da su su ɗauki ɗiban ruwa a matsayin aikinsu safe da yamma, ko a biya mai ɗebowa. Wanka da bokiti ɗaya, alwala da buta, ruwan ɗauraya kuma a zuba wa shuka.

Ruwan sha shi ne inda aka fi yin ɓarna. Mutum biyar, kowa lita biyu da rabi a rana, kwana uku, ya kama lita 37 da rabi. In da fiya wata ne, leda 75 ke nan, kusan jaka huɗu, kuma a ƙauyen babu motar kwasar shara. Ledar nan a cikin awaki take ƙarewa ko a cikin ruwa. Jarka biyu masu tsabta na lita 20 da aka ciko daga gida sun biya wannan buƙata, kowa ya riƙe gorarsa ana cika masa. Idan ruwan ya ƙare, a tafasa na can ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa da ake sayarwa a kemis. Wadda aka yi don lita 20, ƙwaya ɗaya ake jefawa a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi a fara tace shi da farin ƙyalle mai tsabta, domin laka tana cinye ƙarfin maganin.

Wuta ma haka. A tafi da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, ta ishi shayi da dumame da tafasa ruwa na kwana uku har da saura. Itacen da masunta ke sara yawanci daga bishiyoyin bakin ruwa ne masu saiwa a waje, waɗanda ƙananan kifi da jatan lande ke girma a ƙarƙashinsu, bai kamata zuwanku ya ƙara saran su ba. Janareta a bar shi a gida. Fitilar sola biyu, tocila ga kowane babba, da batirin cajin waya sun wadatar.

Gidan sauro mai magani ga kowace shimfiɗa. Idan sabo ne, a buɗe shi a shanya a inuwa awa 24 kafin a kwana a ciki, in ba haka ba yana sa ƙaiƙayi da zafin fuska. A haɗa da igiya da ƙusa, tabarma, darduma, dogayen riguna na yamma, takalmin roba, maganin zazzaɓi, bandeji, da gishirin gudawa. In babu shi a haɗa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ranar sauka

A tashi da sassafe a isa kafin la'asar. Baƙin da suka shigo ƙauye da duhu suna jawo zargi, kuma a yanayin da ake ciki, ayarin 'yan Arewa da ba a san da zuwansu ba abu ne da ke tayar wa mutane hankali. Maganin wannan shi ne gabatarwa. Kafin a kwance kaya, mai masauki ya kai maigida gaban Baale, wato mai garin, a gaishe shi da goro, a faɗi ko ku su waye, ku nawa ne, kwana nawa za ku yi. Bayan nan kowa ya san ku baƙin wane ne. Samari kada su shiga daji su kaɗai, balle da adda a hannu.

Bayarabe yana ɗaukar gaisuwa da nauyi kamar yadda muke ɗaukarta. A koya wa yara tun a mota: “E kaaro” da safe, “E kaasan” da rana, “E kaale” da dare, “E she” don godiya. Dattijo Baba ne, dattijuwa Mama, in sun yi Hajji Alhaji da Alhaja. 'Ya'yansu maza suna kwanciya rub da ciki gaban manya, mata su durƙusa. Ba a buƙatar haka daga baƙo, rusunawar da muka saba ta isa. Ba a miƙa abu ko karɓa da hagu. Hoto sai an tambaya, musamman na mata a bakin aiki da wuraren bautarsu. Alƙibla daga Legas tana arewa maso gabas, a tabbatar da masallacin garin ko manhajar waya tun ranar farko.

Abinci a daidaita shi tun farko, cikin ladabi. A gidan Musulmi magana ta ƙare. Idan gidan Kirista ne ko masu addinin gargajiya, a faɗa musu sarai ba a cin alade, ba a shan bammi, ba a cin naman da ba a san yankansa ba. Mafita mafi sauƙi ita ce kifi, ga tarwaɗa ga karfasa ga kaguwa, in ana son kaza a saya da rai maigida ya yanka. Uwargida ta shiga madafa tare da matar gidan, a nan ne ake koyon kaɗa ewedu, wato miyar lalo, da tuƙa amala, ita ma ta nuna musu miyar kuka ko ɗanwake. Miyarsu da yaji, a roƙi a ɗebar wa yara kafin a zuba barkono.

Aikin gona da na ruwa

A nemi a dace da ranar da gidan ke yin gari, domin ba abin da ya fi shi koya wa yaro. Ana tuge rogo da safe, a fere, a wanke, a kai injin gurza, a zuba a buhu a ɗaure a danne da dutse ko ƙarfen matsa. Yana kwana biyu zuwa uku ko fiye yana tsiyaya yana tsami, shi ya sa garin rogon Ijebu da ake bari ya daɗe ya fi tsami. Sannan a marmasa, a tankaɗe, a soya a babban kasko ana juyawa ba tsayawa. In hannu ya tsaya ya dunƙule ko ya ƙone, in ba a bar shi ya bushe ƙarau ba ya yi fumfuna a buhu. A kwana uku ba za a ga buhu ɗaya daga farko har ƙarshe ba, amma gidan da ke sana'ar yakan kasance da wanda ake gurzawa yau da wanda ake soyawa.

A nan akwai haɗarin da ya shafe mu musamman. A Arewa mun saba da rogo mai zaƙi da ake dafawa a ci da ƙuli, yara har ɗanye suke tauna shi. Yawancin rogon da ake gari da shi a Kudu mai ɗaci ne, yana da guba, kuma matsewar nan da tsami da suya su ne ke fitar da ita. Kada yaro ya sa shi a baki ɗanye, kada kuma a dafa shi a ci sai masu gida sun ce irin na ci ne. Ruwan da ke tsiyaya daga buhun ma guba ne, yana kashe akuya. In wani ya ci ya fara amai da jiri, asibiti kai tsaye.

Fita su da asuba ake yi. Ba wanda zai taka jirgi sai da rigar kariya a jikinsa a ɗaure, yaro da daidai girmansa, domin babbar riga tana zamewa ta kai idan ya faɗa ruwa. A tanade su daga gari, kada a dogara da na ƙauye. Hukumomin ruwa sun hana tafiyar dare, a dawo tudu da sauran rana. A zauna a tsakiyar kwale-kwale, ba a miƙewa tsaye, ba a taruwa gefe ɗaya don kallon koma. Yawancin 'ya'yanmu ba su iya iyo ba, kuma ko wanda ya iya a kogi kada ya gwada tekun Badagry, igiyarta tana jan mutum ciki. Ƙorama da kududdufi na ruwan daɗi kuwa suna iya ɗauke da tsargiya, a hana yara wanka a ciki ko da sun ga 'yan gari suna yi. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767.

A kasuwannin yankin za a iya tallata maka naman daji, ɗan biri, aku, ƙwan kunkurun teku, ko man ayu, wanda aka san mutanenmu suna nema. Kada a saya. Ayu tana cikin dabbobin da dokar Najeriya ta hana kamawa, tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sai bayan shekaru ta sake. Kowace kwalbar da aka saya, an biya kuɗin kashe wata ke nan.

Shara da ranar tafiya

A rataye buhu biyu a bayan ɗaki tun ranar farko. Ɗaya na leda da roba da gwangwani da tsohon batir, ɗaya mai leda a ciki na kunzugun jarirai da audugar mata, a ɗaure bakinsa. Duka biyun tare da ku za su dawo gari inda ake kwasar shara. Kada a jefa kunzugu a masai, ba ya ruɓewa, yana cika ramin da mutane suka haƙa da guminsu. Kada a ƙona roba a tsakar gida. Ɓawon doya da ragowar tuwo na awaki da kaji ne. Wanki da wanke-wanke a yi su aƙalla taku talatin daga rijiya ko bakin ruwa, ruwan sabulu a zuba a ƙasa ya tsotse. Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci tun Janairun 2024, a tafi da kwanuka da kofunan gida.

Ranar tafiya a share ɗakin, a cika wa gidan randunansu, a biya ragowar kuɗi a gaban mai tsakani ko a sanar da shi ta waya. In an fasa wani abu a faɗa a biya. Kada a raba wa yaran ƙauye kuɗi da alawa a hanya, yana koya musu bin baƙi da roƙo. Abin da za a ba su, littafi ko fensir, a miƙa ta hannun iyayensu. A koma a yi wa Baale sallama, a kuma kira masu gida idan an isa.

Bayan dawowa a sa ido kan kowa na mako biyu zuwa huɗu. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan kwana bakwai ko fiye da cizon, don haka yaron da ya dawo lafiya ƙalau yana iya kwanciya a mako na biyu. Da jiki ya yi zafi a je a yi gwajin jini a ranar, kada a fara da maganin kemis a kan zato. In kuma an ga jini a fitsarin yaro bayan wasu makonni ko watanni, a gaya wa likita cewa ya shiga ruwan ƙauye, don a duba tsargiya.